Wa ya ce zai sayi takardar da kake shirin sara?

Tambaya: Ina da shagon kayan waya, shekara shida ke nan. Ina da digiri, Turancina kuma ba laifi. Wani ɗan baffana ya ce in cire rabin jarina ya yi mini rajistar kwas ɗin TEFL (horon koyar da Turanci ga waɗanda ba harshensu ba ne) a intanet, sa'o'i 120, daga nan sai koyar da Turanci a Koriya ta Kudu ko Sin, ana biya da kuɗin waje. In saka kuɗin?

Amsa: Malam, da wani zai shigo maka da kwali cike da caja ya ce ka sara, ko guda ba za ka ɗauka ba sai ka san tana tafiya. To me ya sa da aka zo kan takardar shaida ka ajiye wannan hankalin a ƙofar shago? Duk cikin wasiƙarka babu makaranta ko ɗaya da ta ce za ta ɗauke ka. Ɗan baffanka ne kaɗai ya ce.

TEFL ba sunan wata hukuma ba ne, sunan fannin ne kawai, kuma babu hukuma guda a duniya da ke tantance duk masu bayar da takardar. Ko ni zan iya buɗe shafi yau in buga maka ita gobe, har da hatimi mai ruwan gwal. Waɗanda masu ɗaukar aiki suka fi sani biyu ne: CELTA ta Cambridge, kimanin sa'o'i 120, da CertTESOL ta Trinity College London. Abin da ya ba su daraja shi ne dole ka tsaya gaban ɗalibai na gaske na sa'o'i shida, malami yana zaune a baya yana rubuta kurakuranka. CELTA kan haura dala 1,500. Wadda ake tallatawa da rangwame a dala 30 ko 40, bidiyo ne da tambayoyin zaɓi. Wacce ce ɗan baffanka yake nufi? Na tabbata ba ka tambaya ba.

Sai batun Koriya, wanda shi ya fi ba ni haushi. Bizar E-2 ta malaman Turanci a can fasfo take kallo kafin takarda. A ƙa'ida 'yan ƙasashe bakwai ake bai wa: Amurka, Kanada, Birtaniya, Ireland, Ostireliya, New Zealand da Afirka ta Kudu. In fasfonka ba ya cikinsu, ko CELTA goma ka tara ƙofar ba za ta buɗe ba. Sin kuwa, a watan Yulin 2021 gwamnati ta takura wa kamfanonin darasin bayan makaranta, ta hana malaman da ke zaune a waje koyar da yaran ƙasar ta intanet. Kamfanoni irin su VIPKid sun ji jiki. Mai ba ka labarin kuɗin Sin, tsohon labari yake maimaita maka.

Wani ya taɓa zuwa wurina da irin wannan takarda a cikin leda, yana riƙe da ita hannu bibbiyu kamar takardar fili. Surukinsa ne ya haɗa shi da kwas ɗin, daga baya ta fito cewa yana karɓar kamasho a kan kowane mutum. A hirar neman aiki ta farko aka ce masa: ga ɗalibin da bai iya ko gaisuwa ba sosai, nuna mana yadda za ka bambanta masa “I went” da “I have gone” cikin minti biyar. Ya yi tsuru-tsuru. Turancinsa ya fi nawa, amma iya magana daban, iya koyarwa daban. Ya koma shago ya tarar kanta ta yi fayau, masu saye sun saba da maƙwabcinsa.

Ba ina hana ka sana'ar ba ne, akwai masu cin abinci da ita. Amma fara ta bayan ka rufe shago. Buɗe shafi a Preply, dandalin intanet da ke haɗa malamai da ɗalibai, ka nemi ɗalibi ko biyu. Ka sani kamfanin yana cinye kuɗin darasin gwaji gaba ɗaya, sannan ya cire kashi 33 cikin ɗari a farko, yana raguwa zuwa 18 in sa'o'inka sun taru. Ka rubuta kowace awa da abin da ya shigo hannunka, da kuɗin data, na wata uku. Ka kwatanta da ribar shago na awa ɗaya. Lissafin zai iya ba ka kunya, zai iya kuma ƙarfafa ka.

A makon nan ka nemo tallar aiki goma a ƙasashen da kake so, ka rubuta musu: ga fasfona, ga digirina, wace takarda kuke karɓa? Shi kuma ɗan baffanka ka tambaye shi ido da ido sunan mai bayar da takardar, da nawa ne nasa a ciki. In ya ɓata rai, ka sami amsa.

Ko da ta tabbata CELTA za ka yi, daga riba za ka tara kuɗin, ba daga uwar kuɗi ba. Idan amsoshin makarantun sun zo, turo mini mu duba tare.