Baba Ya Rude, Ya Hukuncin Sallarsa Da Azuminsa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Babanmu shekarunsa 78, ya dade da ciwon karkarwa wanda likitoci ke kira Parkinson, yanzu kuma mantuwa ta hadu masa. Asibiti sunce ba'a warkewa, mu koma gida muyi ta kula dashi. Da safe yana gane mu har ya tambaya ko an kira salla, amma daga la'asar sai ya rikice yana ganin mutanen da babu su. Yayanmu yace dole a ciyar masa duk azumin bana daga kudinsa, kuma a tada shi kowace salla ko da karfi ne. Ni ke jinyarsa, wallahi na rasa yadda zanyi.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya bashi sauki, ke kuma Allah yayi miki albarka.

Inda hukuncin yake shine maganarki ta safe da yamma. Amma ki lura, gane fuskarki daban, sanin salla daban. Abin dubawa shine ya san yanzu azahar ce, zai iya niyya ya rike ta har sallama? In eh, salla tana kansa a lokacin, a zaune ko a kwance, da taimama in ruwa na wahalar dashi. In a'a, an dauke masa alkalami, babu ramuwa. Tunda kin san yamma ce ke rikita shi, ya hada azahar da la'asar da rana tayi zawali, Ibn Abi Zaid ya kawo wannan sauki a Risala ga mara lafiyan da ke tsoron gushewar hankali. Jan shi da karfi kuwa cutarwa ce, sallar da babu niyya ba salla bace.

Sai maganar yayanku, ba shi kadai ke fadinta ba shi yasa zan dan tsaya. Ciyarwa madadin azumin da ya wajaba ne aka kasa yi. Ranar da hankalinsa bai dawo ba sam azumi bai hau kansa ba, to madadin me za'a biya? Suna hada shi da tsohon da ya kasa azumi, alhali wancan tsohon yana cikin hayyacinsa, jikinsa ne ya gaza, kuma ko shi din a wajen Imamu Malik ciyarwar mustahabbi ce. Wani zai ce ai Malikiyya sunce wanda hankalinsa ya gushe zai rama. Haka ne, in ya warke zai rama da kansa, basu ce a ciyar masa ba, wannan ciwon kuma gaba yake yi. Masu cewa ayi dai don kokwanto sun manta dukiyar wanda ya rude amana ce a hannun waliyyinsa, ba'a taba ta sai da hakki tabbatacce. In yaya na son yiwa Baba sadaka ga aljihunsa nan. Ranakun da ya san Ramadan ake amma tsufa da magani suka hana shi, wadannan ku ciyar, mudun Annabi daya a rana, ba mudun kasuwa ba, ku fita daga sabanin Imamu Shafi'i da Imamu Ahmad masu ganin ciyarwar wajibi ce. Zakka kam ana fitar masa.

Abinda baki tambaya ba. Mutanen da yake gani daga ciwon ne, wani lokaci ma daga maganin, kar a kwashe shi zuwa wajen masu cire aljanu a turara masa hayaki. Ki tofa masa Fatiha da Falaki da Nasi, ki sanar da likita. Maganinsa na levodopa kar ya wuce lokacinsa saboda azumi ko wani abu, jikinsa zai sankare. Kar a siyo masa maganin barci ko na kwantar da hankali a kemis, irin su haloperidol na iya jawo wa masu wannan ciwon babbar illa. In za'a bashi kunu a zaunar dashi, kadan kadan, don kwarewa na kai abinci huhu. A rika juya shi duk bayan awa 2 saboda gyambon kwanciya.

Dawo dashi gida ba kin magani bane, ba kuma sakaci bane, ki cire wannan a ranki. Wankansa da tsarkinsa 'yan uwanki maza ne suka fi dacewa, ki fadawa yaya cikin ladabi ya karbi ko kwana 2 a sati, ke ma ki samu kiyi barci. Wallahu a'alam.