Ga ƙanena mai zuwa Winifeg: idan mota ta ƙi tashi da sanyi

Assalamu alaikum ƙanena. Na ji daɗi da Jami'ar Manitoba ta ɗauke ka, Allah ya sanya albarka. Ka ce kana so ka sayi mota ta hannu da zarar ka sauka Kanada a watan Janairu, amma ka ji labarin mota kan kwana lafiya ta wayi gari ta ƙi tashi, kana tambaya ko da gaske ne.

Da gaske ne. A Winifeg cikin Janairu sanyin dare yakan kai maki 25 ko 30 ƙasa da sifiri. Kada ka auna shi da hunturun Kano, ko ma sanyin Jos.

A hunturuna na farko na fito da asuba zan tafi aiki. Na murɗa makulli, sai na ji ƙas-ƙas-ƙas. Na yi ta murɗawa har fitilun gaban direba suka dusashe, yatsuna kuwa sun daina ji. Wani dattijo maƙwabcina ya fito, bai ko buɗe bonet ba. Ya durƙusa gaban motar, ya zaro wata gajeriyar wayar lantarki mai fulogi daga wajen lamba, ya ɗaga mini ita. Wayar bulok hita ke nan, ita hitar ɗan ƙarfe ne da ke cikin inji yana ɗumama shi idan an jona shi da wutar gida. Shi ya sa za ka ga sandunan soket jere a wuraren ajiye motoci. Awa uku zuwa huɗu kafin ka fita ya isa, wasu ma na'urar lokaci suke sa wa ta kunna da kanta. Duk motar da za ka saya, ka fara laluben wannan wayar, ka tabbatar hitar tana aiki. Gidan da za ka kama haya kuma ka tambaya ko wurin ajiye motarsa yana da soket, tun kafin maganar kuɗi.

In ta riga ta ƙi tashi, kunnenka ne makanikinka na farko. Idan ka ji wannan ƙas-ƙas ɗin, ko injin yana juyawa da ƙyar kamar mai nishi, to batir ne, kuma galibi shi ne. Sanyi yana rage masa ƙarfi, a daidai lokacin da baƙin mai ya yi kauri kamar zuma, inji yana neman ƙarfi fiye da kullum. Ka sayi 'yar mitar gwajin wuta, ba ta da tsada. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6 in mota a kashe take. Ka ga 12 ko ƙasa, ya zube. Idan mota ta tashi, ya kamata mitar ta nuna wajen 14, in ba haka ba altaneta ba ta caji. Duba kawunan batirin ma, wani lokacin farin gari ne ya taru a kansu ko kusa ta yi sako-sako. A jikin batir akwai lamba da aka rubuta CCA, wato ƙarfin da yake iya bayarwa a maki 18 ƙasa da sifiri. In za ka sayi sabo, kada ka ɗauki wanda lambarsa ta gaza abin da littafin motar ya ce.

A gida da mun kira samari a tura. Nan yawancin motoci atomatik ne, turi ba ya tada su. Sai wayar jona batirinka da na wata mota mai rai, kuma tsarin jonawar yana da muhimmanci: jar waya a kan + na mataccen batir, ɗaya bakinta a + na mai rai, baƙar waya a − na mai rai, bakinta na ƙarshe kuma ka maƙala shi a wani ƙarfen inji na motarka, nesa da batir, saboda tartsatsi. Bar mai rai tana aiki minti biyar sannan ka gwada. Amma ka fara kallon batirinka da kyau. Wanda ya zube yana iya daskarewa, in ka ga cikinsa ya kumbura ko ya tsage, kada ka jona, yana iya fashewa a fuskarka.

Idan kuwa inji yana juyawa da ƙarfi amma bai kama ba, matsalar ta koma wajen mai ko fulogin inji mai ba da tartsatsi. Kada ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10, ka huta, ka sake. In ka ji warin fetur, mai ya shaƙe ta, taka totur har ƙasa ka riƙe yayin da kake murɗawa. Tanki kada ya sauka ƙasa da rabi da hunturu, don raɓa tana taruwa a ciki. Baƙin mai 20W-50 da makanikanmu suka saba zubawa ka manta da shi, nan 5W-30 ne ko 0W-20, gwargwadon abin da aka rubuta a murfin.

Wannan kuma don Allah ka riƙe shi: kada ka ɗumama mota a cikin rufaffen gareji, kuma in dusar ƙanƙara ta binne bayanta, ka tone bakin salansa kafin ka tada. Iskar gubar da ke cikin hayaƙin ba ta da wari, barci kawai take sa mutum, kuma tana kisa.

Ni dai a ganina ka yi hunturun farko a bas. Ɗan zirga-zirgar ɗalibi daga gida zuwa aji ba ya isa ya cika batir, ga inshorar MPI (kamfanin inshorar mota na gwamnatin Manitoba) da tayoyin ƙanƙara suna jiran aljihunka. Ka bari sai wajen Mayu mu je tare mu duba, mu leƙa ƙarƙashinta saboda tsatsar gishirin da ake watsawa a titi. Turo mini ranar saukarka, zan zo filin jirgi da babbar riga da safar hannu. Ka gaida su Baba da Hajiya.