Kun Tambaya: Jirgin Italiya a kan layin dogon Faransa?

Tambaya: Malam, ɗana da ke karatu a Faransa ya ce ya hau jirgin ƙasa na Italiya daga Paris zuwa Lyon, har ya fi na 'yan ƙasar araha. Layin dogo ai ba kwalta ba ne da kowa zai sa motarsa. Yaya ake yi?
Wani mai karatu daga Katsina

Amsa: Alhaji, yaron nan gaskiya ya faɗa maka. Jan jirgin nan ne Frecciarossa na kamfanin Trenitalia, wanda ya fara jigila tsakanin Milan da Paris ta Lyon a watan Disamba 2021.

Dabarar ita ce raba mai layi da mai jirgi. A Faransa kamfanin gwamnati mai suna SNCF Réseau ke riƙe da layin. Duk kamfanin da ke da lasisi sai ya nemi a yanka masa lokaci, ya biya kuɗin hanya, kamar dai direba ya biya kuɗin tasha ya jira a kira shi lodi. Tarayyar Turai ta halatta wannan gasa ga jiragen fasinja masu ƙetare iyaka tun 1 ga Janairu 2010.

To amma duba tazarar, daga 2010 zuwa 2021. Doka ta buɗe ƙofa, sai ga shinge a bayanta. Wutar layin gudu na Faransa bolt 25,000 ce, ta Jamus 15,000, tsofaffin layukan Italiya kuwa 3,000. Na'urorin ba jirgi hannu ma kowace ƙasa da nata, kuma sai hukumomi sun gwada jirgi kafin ya ɗauki ko mutum ɗaya.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne ramin ƙarƙashin teku tsakanin Ingila da Faransa. Tun 1994 kamfanin jirgin fasinja na Eurostar ke cin karensa babu babbaka a wannan hanya. A 2010 kamfanin Jamus, Deutsche Bahn, ya kawo jirginsa har tashar St Pancras ta Landan, aka yi hotuna, shiru kake ji. Ƙarshenta rigimar ta koma kan gareji guda, Temple Mills, inda ake gyaran irin waɗannan jiragen. Sai a Oktoba 2025 hukumar kula da jiragen ƙasa ta Birtaniya ta ba kamfanin Virgin gurbi a ciki, shi ma sai 2030 yake sa ran farawa.

Ni ina bayan gasa, domin a Sifaniya kuɗin tikitin Madrid zuwa Barcelona ya faɗo bayan shigowar kamfanonin jirgin ƙasa na Ouigo a 2021 da Iryo a 2022. Sai dai ɗan kasuwa hanyar da ke da ciniki yake bi, jirgin ƙauye yana nan a wuyan gwamnati.

Tunda daga Katsina ka rubuto, layin Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairu 2021 ta garinku da Jibiya zai bi. Ina so tun yanzu Najeriya da Nijar su zauna su rubuta wa zai sa jirgi a kai, nawa zai biya, kuma a wace tasha kwastan da jami'an shige da fice za su duba fasinja.