Ɗalibaina Photoshop kawai suke so: ta ina zan fara koyar da girafik?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ban daɗe da fara koyarwa a sashen zane-zane na wata jami'a ba, an kuma ba ni darasin girafik na 'yan aji biyu. Ɗaliban sun haura sittin, kwamfutocin da ke aiki a situdiyo ba su kai goma ba, wuta kuma sai ta ga dama. Da na ce a ɗauko fensir da takarda sai fuskoki su canja, su dai a nuna musu manhajojin zane na kwamfuta, Photoshop da CorelDraw. Wani ma ya ce mini da manhajar Canva da ƙirƙirarriyar basira (AI) zai haɗa fosta kafin in gama bayani. In bi son ransu ne, ko in tsaya a kan zanen hannu? Kuma yaya ake ba da maki a aikin da kowa ke cewa ra'ayi ne? Daga wata malama.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya sa albarka a aikin.

Yaron nan da ya ce zai haɗa fosta kafin ki gama bayani gaskiya ya faɗa, kada ki yi musu da shi. Ki ce ya haɗa, ya kawo guda uku, sannan ki tambaye shi wacce ta fi kuma don me. Yawancinsu a nan suke tsayawa cak, kuma daga nan ne aikinki ya fara. Mallakar keken ɗinki ba ta mai da mutum tela. Sai ya san awo, ya san yadi, ya san jikin mai rigar. Abin da jami'a za ta ba ɗalibi wanda YouTube ba za ta ba shi ba shi ne ido, da iya kare abin da ya zaɓa a gaban mutane. Manhaja kuwa kafin su gama digiri ta canja fuska.

Wannan taƙaddama ta girmi kwamfuta. A makarantar Bauhaus da Walter Gropius ya buɗe a Weimar ta Jamus a 1919, ba a barin ɗalibi ya shiga ɗakin sana'a sai ya yi darasin share fage, inda ake koyon launi, siffa da halin kayan aiki. Josef Albers, ɗaya daga cikin malaman da suka riƙe darasin, yakan ba su takarda kawai su lanƙwasa, su yanka, su ga iyakar abin da za ta iya ɗauka. An rufe makarantar a 1933, amma tsarin shekarar farko na makarantun zane da yawa a duniya daga can aka gado shi. Kin ga ke nan ƙarancin kwamfuta bai hana ki komai ba a makonnin farko.

Ki fara da baƙar takarda, farar takarda, almakashi da gam. Ki ce kowa ya yanka murabba'i baƙaƙe guda huɗu, ya jera su a kan farar takarda yadda mai kallo zai ji cunkoso. A wata takardar kuma, da murabba'in nan dai, ya nuna kaɗaici, a wata ya nuna faɗuwa. Babu launi, babu hoto, babu rubutu. Za su raina aikin har sai an liƙa sittin ɗin a bango, suka ga wasu suna magana wasu sun yi shiru. Daga nan za su gane cewa farin filin da aka bari shi ma aiki yake yi, wanda shi ne ciwon da ya fi damun fostocinmu: ko'ina an cusa, hoton mai gayya, hotunan manyan baƙi goma, launi bakwai, har mutum ya rasa ranar taron.

Wajen misalai kuma, ba sai kin nemo na Turai kaɗai ba. Sashen zane na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello ya taso daga Ibadan zuwa Zariya a 1955, kuma a 1958 wasu ɗalibansa, ciki har da Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya don suna ganin tsarin karatun da malamai Turawa ke bi ya manta da zanen gida. Ba su zubar da abin da aka koya musu ba. Haɗa shi suka yi da gadonsu, kamar yadda Okeke ya koma wa zanen uli na Ibo. Ɗalibanki suna da nasu a bakin ƙofa: aska takwas ta babbar riga, zanen bangon gidajen birnin Zariya da Kano, zayyanar allon sauka, ɗinkin hula, sassaƙar ƙwarya, har da rubutun bayan manyan motoci. Sai dai ki kula. Ɗauko dagin Arewa daga intanet a manna a kusurwar fosta ado ne kawai, kuma ya ishe mu haka. Ki sa su zana shi da hannu a takarda mai gida-gida, su bi zaren su ga inda ya hau da inda ya nutse, sannan su gina sabon tambari da wannan dabarar. Irin wannan aiki yana kuma buɗe hanya ga ɗaliban da ke ɗari-ɗari da zanen masu rai, su nuna bajinta ba tare da an shiga gardama ba.

Inda zan so ki fi daɗewa shi ne haruffa, don mafi yawan aikin da za su ci abinci da shi rubutu ne: katin biki, kalanda, bangon littafi, allon shago, takardar magani. Ki ce kowa ya fito da naira ɗari biyar daga aljihu. A ƙaramin fili ɗaya ga lamba, ga boko, ga ajami, ga hoto, ga sa hannu. Me ido ya fara gani, me ya biyo baya, kuma da wace dabara aka jera su? Bayan wannan ki ba su sanarwa ɗaya, misali ta rigakafi ko ta rajistar ɗalibai, su tsara ta da samfurin haruffa ɗaya tak, girma uku kawai, baƙi a kan fari. Ki nace sanarwar ta zama da Hausa. Nan za su ci karo da abin da littattafan waje ba sa faɗa: samfuran haruffa da yawa ba su da ɓ, ɗ da ƙ, balle ƴ da ake rubutawa a Nijar. Idan babu su, manhaja takan aro harafin daga wani samfuri, sai ya fito siriri ko karkatacce a tsakiyar kalma, wani lokaci ma akwati ne ke fitowa. Samfuran Noto, Charis, Gentium da Andika duk suna da su, kuma kyauta ne; na ajami akwai Alkalami da aka yi a kan salon rubutun Kano. Ɗalibin da ya iya shimfiɗa shafi ɗaya da Hausa da Turanci, ko boko da ajami da ke tafiya daga dama, ya riƙe abin da kasuwa ke nema kuma masu shi kaɗan ne.

Kwamfutocin goma ki raba su rukuni-rukuni, da doka ɗaya: ba mai zama a gaban allo sai kin sa hannu a kan ƙananan zane-zanensa na fensir, aƙalla goma ga kowane aiki. Wanda ya san abin da zai yi, awa guda ta ishe shi. Ki koya musu CorelDraw tunda da ita yawancin masu firintin namu ke aiki, ki kuma nuna musu Inkscape, GIMP da Krita waɗanda ba a biya, don kada kowa ya dogara da manhajar sata. Sau ɗaya a zango ki kai su maɗaba'a. Allon kwamfuta da haske yake haɗa launi, ja da kore da shuɗi, na'urar bugu kuwa da tawada huɗu, abin da ake kira CMYK, shi ya sa shuɗin da ya ɗauki ido a allo yake fitowa a dushe a takarda. A can za su ji dalilin da ya sa ake neman hoto mai ɗigo 300 a kowane inci, da barin rarar milimita 3 a gefe saboda yanka. Gani ya kori ji, kuma zai rage musu kunya idan sun tafi SIWES, wato horon sanin makamar aiki na ɗalibai.

Ƙirƙirarriyar basira kada ki haramta ta, ba za ki iya tsarewa ba. Ki ce duk wanda ya yi amfani da ita ya faɗa, ya nuna abin da ta ba shi da abin da ya gyara. Sau da yawa tana dagula rubutun Hausa, kuma ba ta san mai karatun ba.

Sai maganar maki. Ra'ayi ne kawai idan ba a faɗi abin da ake nema ba tun farko. Kowane aiki ki rubuta shi a takarda: wa ake yi wa, ina za a liƙa, daga wace tazara za a karanta, launi nawa kuɗin mai aikin zai ɗauka. Da wannan ake auna sakamako. Ni nakan ba da kusan rabin maki ga hanyar da aka bi, wato bincike, zane-zanen fensir da gyaran da aka yi bayan an ji tsokaci. Sauran a raba tsakanin isar da saƙo, tsaftar aiki da bayanin baki. Wanda ya sayo aiki a gari, rashin takardun fensir ne ke tona shi.

Zaman tsokaci da mutum sittin yana da wuya, ga kuma kunya irin tamu: ba mai son ya kushe aikin abokinsa, 'yan mata kuma sukan yi shiru idan samari sun cika wuri. Ki sa a rubuta suna a bayan takarda, a liƙa goma-goma, ki hana cewa "ya yi kyau" ko "bai yi ba" sai da dalili. Kowa ya faɗi abin da ya fara gani, abin da ya fahimta, da abu ɗaya da zai canja. Wani lokaci ki kira wanda ba ɗan sashen ba, mai gadi ko ɗalibar wani fanni, ya tsaya daga bakin ƙofa na daƙiƙa biyar ya faɗi ranar taron da wurinsa. Idan ya kasa, mai fostar ya koma ya gyara, ki kuma riƙe makinsa sai ya kawo na biyu.