Hukuncin Kiran Ɗan Ƙwallo "GOAT"

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, a gidan kallo mun saba cewa Messi ne "GOAT". Abokina ya ce na yi shirka, wai ma'anarta "mafi girma a kowane zamani", kuma Allah ne kaɗai haka. Sannan bakina ya saba da "Jeez" in abu ya ba ni mamaki. Ina matsayina?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, kwantar da hankalinka, ba ka yi shirka ba.

Abokinka kishin tauhidi ya yi, amma ya yi gaggawa. Magana ana ɗaukarta ne a kan abin da masu ita suke nufi da ita. Duk wanda ya ji ka a gidan kallo ya san gwanintar taka leda kake nufi, shi ya sa wani zai taso ya ce a'a, Ronaldo ne, dattijo ya ce Pele. Wa ke irin wannan musu a kan girman Allah? Alƙur'ani ya kira mai gidan Annabi Yusuf da "Aziz", ya siffanta Manzon Allah (SAW) da "Ra'uf" da "Rahim" a ƙarshen Suratut Tauba, alhali duk sunayen Allah ne. Tarayya a lafazi ba ta zama shirka sai an nufi ma'anar da ta keɓanta ga Ubangiji. Ka gaya masa cikin ladabi, jifan Musulmi da shirka ba da hujja ba ya fi kalmar taka haɗari.

Abin da ya fi tsayar da ni shi ne wanda ka ambata a ƙarshe kamar ba komai ba. "Jeez" gutsuren sunan "Jesus" ne, Turawa suka gajarta shi don kada su furta sunan ɓaro-ɓaro cikin mamaki ko fushi. Abin da ya wuce ba ka sani ba, babu laifi a kanka. Yanzu kuwa ka sani, sai ka bari, domin kiran sunan Annabi Isa ne a gurbin da Musulmi yake cewa Subhanallah. In ta suɓuce maka don sabo, yi istigfari ka wuce, kada waswasi ya kama ka. Zagin Turanci da ake gajartawa kuwa, ashar ashar ne, ko an dunƙule shi cikin 'yan haruffa.

Koyon Turanci halal ne. Amma kada ka ɗauko kalma daga TikTok sai ka tambayi ma'anarta. An hana sahabbai ce wa Manzon Allah (SAW) "ra'ina", wato "ka kula da mu", duk da kyakkyawar niyyarsu, saboda Yahudawa na karkatar da ita zuwa zagi.

Sannan wasannin Turai na dare, ɗana, ka duba Isha'inka da Asubarka. Na fi jiye maka wannan fiye da kalmomin duka biyu.

Wallahu a'alam.