Abin da ya sa koren wakenka na gida bai kama ƙafar na gidan abinci ba

Ɗana, jiya muna wanke kayan aiki ka ce mini: "Oga, koren waken nan mai tafarnuwa da muke yi wa baƙi, sau uku ina gwadawa a gida. Wake iri ɗaya, mai iri ɗaya, amma nawa sai ya fito jagab, launinsa ya dushe, tafarnuwar kuma ɗaci. Mene ne kake sakawa da ba ka nuna mini ba?" Gajiya ce ta hana ni ba ka amsa a lokacin. Yau ga ta.

Wallahi babu abin da na ɓoye maka. Duk abin da ke shiga kaskon nan a gabanka nake zubawa. Matsalarka ruwa ne, kuma wutar gidanka ba ta da ƙarfin korar sa.

Ka san ruwa yana tafasa a digiri 100, kuma muddin akwai shi a jikin abu, zafin abin ba zai wuce nan ba. Shi kuwa ɗigo-ɗigon ƙunan nan da kake gani a jikin wakenmu, wanda daga gare shi ƙamshin yake fitowa, ba ya samuwa da sauri sai zafi ya haura digiri 140. Wani masani Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, shi ya yi bayanin wannan sauyin a 1912, har yau da sunansa ake kiran abin. To dubi murhunmu na nan, harshen wutarsa har gefen kasko yake lasa. Duk ɗigon ruwan da ya fito daga waken, kafin ya sauka ya zama tururi. Kai kuwa a gida ka wanke rabin kilo, ka juye shi da danshinsa a kasko ɗaya kan 'yar wutar gas. Nan take kaskon ya huce, waken ya fara zubar da ruwan jikinsa, ruwan ya taru a ƙasa. Kana tsammanin suya kake yi, alhali sulala ce.

Akwai kuma abin da ka sha gani amma ba ka ɗauke shi a bakin komai ba. Kafin waken ya shiga kasko, muna tsoma shi a mai mai yawa da ya kai digiri 180 zuwa 190, minti ɗaya ko biyu, har fatarsa ta yamutse ta yi ƙananan bororo. Gidajen abinci da yawa haka suke yi, domin baƙo ba ya jira. Amma ka sani asalin girkin, wanda ya yi suna daga lardin Sichuan na ƙasar Sin, sunansa ma a harshensu busasshiyar suya yake nufi: ɗan mai kaɗan, ana juyawa a hankali har waken ya bushe ya yamutse. Wato hanyar da zan nuna maka ta gida ta fi kusa da ta asali a kan gajeriyar hanyar da muke bi a nan. Kada ka ji kamar kwaikwayo kake yi.

Fara daga zaɓe. Ɗauki guda ka karya. In ya ce ƙas, naka ne. In ya lanƙwashe kamar roba, ya kwana biyu, bar shi. Siriri ya fi, wanda 'ya'yan cikinsa ba su turo fata ba. Cire kan, in yana da zare a gefe ka ja shi. Sannan ka wanke shi tun da wuri, ka baza a kan tawul mai tsabta, ka goge, ka bar shi ya sha iska. Ina nufin ya bushe ƙarau, ka taɓa ba ka ji sanyin ruwa a yatsa ba. Rabin aikin ke nan, kuma shi ne wanda kowa ke tsallakewa.

Wasu suna fara tafasa shi. Ni in waken siriri ne ba na yi, domin ruwan da nake ƙoƙarin kora ne zan ƙara masa. In mai kauri ne kuwa, dole: minti 2 a tafasasshen ruwa mai gishiri, ka tsame zuwa ruwan ƙanƙara don dahuwar ta tsaya, sannan ka busar da shi fiye da yadda ka yi da farko.

Kasko kuma ka nemi na ƙarfe mai kauri, mai faɗi, irin wanda ke riƙe zafi. Wanda aka shafe cikinsa don kada abinci ya kama, ajiye shi, ba a yi shi don irin wannan wutar ba. Ɗora kaskon babu komai na minti 2 ko 3. Yarfa ɗigon ruwa. In ya yi birgima ya ɓace, ya yi. Zuba man gyada babban cokali 2, ko wani man da ke jure wuta. Man shanu ba yanzu ba, ƙonewa zai yi.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Kwata kilo kawai za ka zuba a lokaci ɗaya, ka baza shi yadda kowane guda zai taɓa ƙarfe. In rabin kilo gare ka, yi shi sau biyu. Ka zuba, ka janye hannunka. Minti ɗaya da rabi zuwa biyu kada ka taɓa. Na san hannunka zai yi ta ƙaiƙayi, don a nan kullum kana ganin muna wurga abinci sama, amma mu wutarmu ce ta ba mu wannan damar. Kai duk juyawar da ka yi, zafi kake zubarwa. Saurari kaskon. In yana ƙara mai kaifi, cau-cau, kana kan hanya. In ƙarar ta koma ɓul-ɓul mai taushi, ruwa ya taru, ka cika kaskon da yawa. Bayan ƙasan ya yi ɗigon ƙuna sai ka juya, ka sake bari. Duka-duka minti 6 zuwa 8. Gishiri sai can wajen ƙarshe, domin yana jawo ruwa waje.

Kuma kada ka rufe kaskon, ko da na ɗan lokaci. Murfi yana mayar da tururi, yana kuma tsare tsamin da waken ke fitarwa. Koren launin ganye yana da sinadarin magnesiyam a tsakiyarsa, tsami da doguwar dahuwa suna fitar da shi, shi ne kake ganin kore shar ya koma kamar kakin soja. Saboda haka lemon tsami ma, in kana so, sai a faranti. Masu saka bekin soda don launi ya tsaya, launin kam yana tsayawa, amma waken ya zama lugub. Ba na so in ga ka yi.

Saura tafarnuwa, wadda ta fi ba ka wahala. Na tabbata da ita kake farawa, kamar yadda ake fara miya da albasa. Tafarnuwa ba ta da ruwa kamar albasa, ga zaƙi a jikinta, don haka a wutar da wake ke buƙata ba ta kai daƙiƙa 20 ta ƙone. Ina yaro a wannan aiki na taɓa yin haka, maigidana ya ɗanɗana guda ɗaya ya sa na zubar da kaskon gaba ɗaya. Ya yi daidai, domin ɗacin ƙonanniyar tafarnuwa yana shiga mai, man kuma ya bi kowane wake. Babu gyara.

Abin yi shi ne ka kwashe waken a faranti, ka rage wuta sosai, ka bar kaskon ya ɗan huce. Ƙara mai cokali ɗaya, zuba tafarnuwa ƙwaya 6 zuwa 8 in rabin kilo ne. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ni hannuna ya fi karkata wajen yawa. Da wuƙa za ka daddatsa ta, kada ka daka ta zama kamar kwaɓi. Ƙamshinta ba ya fitowa sai an yanka ta, lokacin da sinadarai biyu da ke rabe a cikinta suka haɗu, kuma iya laushin da ka yi mata, iya yajinta da saurin ƙonewarta. Ka yanka ta dab da lokacin sakawa. Ta kwalba da ake sayarwa a niƙe, an sa mata tsami don ta daɗe, kuma tsamin yana fitowa a baki. Juya ta kamar daƙiƙa 30. Da zarar ƙamshi ya bugi hancinka, gefenta ya fara ɗan ja-ja kaɗan, mayar da waken, ƙara wuta.

Daga nan minti ɗaya ya rage. Soya sos, wato baƙin ruwan ɗanɗano mai gishiri da ake yi da waken soya, babban cokali ɗaya, ka zuba ta gefen kasko inda ya fi zafi don ya ɗan ƙone kafin ya isa waken, da sukari ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka, da busasshen barkono in kana so. In irin na Turai kake nufi, bar soya sos ɗin, kashe wuta ka jefa man shanu cokali ɗaya ya narke a jiki. Kada ka ga ruwa kwance a ƙasan kasko. Sheƙi kawai ake so.

Abu ɗaya ba na wasa da shi. Kafin ka kwashe waken don soya tafarnuwa, ɗauki mafi kauri ka tauna. Ya kamata ya ɗan yi ƙaras a haƙori, amma babu gafi. Ɗanyen koren wake yana ɗauke da wani sinadari, lektin, da ke jawo amai da murɗar ciki, wuta ce ke kashe shi. Wajen neman kyan launi kada ka ba iyalinka wanda bai dahu ba. In wajen ya yi ƙuna amma cikin da saura, zuba ruwa cokali 2 ka bar shi ya ƙafe a buɗe, tun kafin ka kai ga tafarnuwa.

Sannan a ci da zafinsa, minti 10 a faranti ya isa ya sa shi yin yaushi. Gobe ka zo da wuri kafin baƙi su fara shigowa. Zan kunna maka ƙaramin murhun baya, wanda ƙarfinsa bai wuce na gidanku ba, ka yi kwata kilo a gabana, ni kuma ba zan sa hannu ba.