Tambaya da Amsa: Ziyarar Agadas daga Kabi da Zamfara

Tambaya daga Argungu: Ina da niyyar ziyartar Agadas, a Jamhuriyar Nijar. Wace hanya zan bi, yaushe ya fi dacewa, kuma me zan riƙa?

Malam, hanyarka ita ce Sakkwato, Illela, Birnin Ƙonni, Tawa, Abalak, sannan Agadas. Daga Tawa kusan kilomita 400 ne, kuma kwaltar ta farfashe a wurare da dama, don haka ka kwana a Tawa ka yi sammako. Kada ka yarda da tafiyar dare. Kafin ka tashi daga gida, ka tambayi direbobin tasha halin da iyaka da hanya suke ciki a wannan makon, domin maganar tsaro tana canjawa. Ka riƙe fasfo da katin rigakafin shawara a jikinka, ba cikin kaya ba.

Lokacin da ya fi shi ne Nuwamba zuwa Fabrairu. Garin yana bisa tudu, kimanin mita 500 sama da teku, a gindin duwatsun Abzin, kuma iskarsa busasshiya ce. Da rana zafi daidai misali, amma da asuba a Janairu sanyi kan sauko kusa da digiri 10. Ka tafi da bargo, rigar sanyi, rawani saboda ƙura, da man kaɗanya don kada leɓe da diddige su tsattsage. Daga Afrilu zuwa Yuni kuwa zafi na wuce digiri 40.

Ka canja nairarka zuwa sefa tun a Illela ko Ƙonni. A kasuwa da dala ake lissafi: dala ɗaya sefa 5 ce, jika kuma sefa 1,000. In mai shayi ya ce dala ashirin, sefa 100 yake nufi. Da Hausa za ka yi cinikinka.

Tambaya daga Gusau: Ni da maigida za mu je bikin 'yan uwa, har da yara. Me ya kamata mu gani?

Hajiya, ku fara da Babban Masallaci. An gina shi a 1515, aka sake gina shi a 1844, kuma hasumiyarsa ta ƙasa tsantsa ta kai mita 27. Itatuwan da suka fito daga jikinta ba ado kaɗai ba ne, su magina ke takawa idan za su sabunta yaɓe. Matakalar ciki ƙunci gare ta da duhu, tana ƙara matsewa can sama, saboda haka ba ta ƙananan yara ba ce, kuma sai da izinin masu kula da masallacin. Fadar Sarkin Abzin tana nan kusa. Ku zaga lungunan tsohon gari, wanda UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, ku leƙa maƙeran azurfa da dukawa. Garin nan ba baƙo ba ne a tarihinmu: Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya je can neman ilimi wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Ya kamata yara su ji wannan a inda abin ya faru.

Abin da ya fi kama baƙi shi ne ƙarancin ruwa a jiki. Gumi na bushewa nan take, mutum bai san yana zufa ba, sai ciwon kai da kasala. Babba ya sha lita 3 zuwa 4 a wuni, yara kuma a dinga ba su tun ba su nema ba. In fitsari ya yi ja, ruwan jiki ya yi kaɗan. In gudawa ta kama yaro, a dama sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali cikin lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, a ba shi kaɗan-kaɗan, a nufi asibiti.

Tambaya daga Jega: Zan iya shiga duwatsu har Timiya da motata?

Alhaji, ƙaramar mota ba za ta kai ba. Lambunan lemo da rumman na Timiya, ƙauyen da ke cikin duwatsun Abzin, abin gani ne, amma hanyar dutse ce da rairayi, sai mota mai jan ƙafa huɗu, da ɗan jagora na gari, da izinin hukuma. Ƙura kan toshe matatar iska har inji ya rasa ƙarfi, don haka a kakkaɓe ta kullum. A rage iskar taya cikin rairayi, a mayar kafin hawa dutse, in ba haka ba gefen tayar zai yage. Da damina kada a tsaya ko a kwana cikin busasshiyar korama, domin ruwan da aka yi can bisa duwatsu yakan taho ba tare da ko ɗigo ya sauka inda kuke ba.